Ɗan Rago Ba Ya Gadon Dusa

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma makiyayin da ya ɗauki wannan magana ɗungurungum zai yi asara, domin ba dukkan kyawun uba ne ɗa yake gada ba.

Girman rago yana da tushe biyu: abin da ya samo daga iyaye, da abin da ya samu a wurin kiwo, watau dusa da harawa da lafiya. Na farkon kaɗai ke bin jini. Saboda haka masana kiwo suke auna gwargwadon gado, wato kason bambancin da ke tsakanin dabbobin garke wanda ke wucewa kai tsaye daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ana gano shi ta hanyar gwada nauyin 'ya'ya da matsakaicin nauyin iyayensu, kuma ba ya fita daga tsakanin 0 da 1. Jay Lush na Amurka, wanda littafinsa kan kiwo ya fito a 1937, shi ne ya yaɗa ƙa'idar aiki da shi: a ninka fifikon iyayen da aka zaɓa da gwargwadon gado, abin da ya fito shi ne ƙarin da za a gani a 'ya'ya.

Alal misali, a ce matsakaicin nauyin tumakin garke a wata shida kilo 20 ne, aka zaɓi raguna da tumaki masu kilo 25 don barbara. Fifikonsu kilo 5 ke nan. In gwargwadon gado 0.3 ne, 'ya'yan za su kai kilo 21.5, ba 25 ba. In kuwa ragon kaɗai aka zaɓa, ƙarin zai ragu da rabi.

Wani zai raina kilo ɗaya da rabi. To, amma ƙibar dusa tana ƙarewa ranar yanka, ƙarin gado kuwa yana zama a garke, na jikoki ya hau kan na 'ya'ya.

Abin takaici shi ne lissafin nan yana aiki ta baya ma. Duk shekara in Babbar Salla ta gabato, manyan ragunan Balami da Uda da 'Yankasa su ake kaiwa kasuwa, a bar tsumammu suna barbara. Wannan ma zaɓe ne, sai dai na koma-baya.

Don haka ya kamata mai garke ya ware ragon barbara tun kafin dillali ya iso, ya gwada shi da sa'o'insa da suka ci abinci ɗaya, ya kuma rubuta nauyinsu. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ita ma ya dace ta yawaita bayyana wannan lissafi da Hausa da Fulfulde. Wanda ya sayar da iri, me zai shuka baɗi?