Waiwaye: Masallacin Sangere-Marghi

A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, bayan Madagali da Michika. Jama'a suka yi ta kwararowa Yola da Jimeta, wasu a bayan a-kori-kura, wasu a ƙasa ta cikin daji, mata da goyo, tsofaffi ƙafa a kumbure. Harabar cocin St. Theresa da ke Jimeta ta cika maƙil da tabarmi da ƙunshin kaya, kuma a layin rabon masara ba a tambayar kowa addininsa.

Da ƙura ta lafa, sai aka bar waɗanda ba su da gidan komawa. Bishop Stephen Mamza, da tallafin ƙungiyar Missio ta Jamus, ya gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi ta ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe a Afrilun 2021. Ga makaranta, ga coci, ga kuma masallaci saboda 'yan iyalan Musulmi da ke cikinsu. Wasu mabiyansa sun yi gunaguni, kuma ban ga laifinsu ba: mutane ne da aka ƙona musu coci-coci da sunan Musulunci, ko da yake maƙonan ba su bar masallatai ba.

Nan nake ganin girman abin. Haƙuri da addinin da bai taɓa haɗa ka da ciwo ba abu ne mai sauƙi. Dubi ƙasar Girka, inda tsarin mulki ya fifita cocin Otodoks. Tsirarun Girkawa mabiya addinin Buddha suna taruwa suna zaman tunaninsu, har sun kafa hasumiyar ibadarsu a kan tsauni kusa da garin Xylokastro a 2010. Amma Musulmin birnin Atens, duk da yawansu, sun daɗe suna salla a gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, domin masallaci na tuna wa Girkawa mulkin Daular Usmaniyya. An yi dokar gina musu masallaci a 2006, ba a buɗe shi ba sai Nuwamban 2020, shi ma babu hasumiya.

Mamza bai jira mikin ya warke ba ya aza tubali. Mu Musulmi mun yaba, mun yi ta yaɗa labarin a Facebook. Sai dai a garuruwanmu da dama na Arewa, har gobe takardar neman filin coci kan yi shekara da shekaru a kan tebur ba a sa mata hannu ba, kuma ba kasafai ake jin limaminmu ya tashi ya yi magana a kai ba.