Gana: An Daina Ɗaure Mai Yunƙurin Kashe Kansa, Saura Wanda Zai Saurare Shi

Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2023 ne majalisar dokokin ƙasar Gana ta gyara dokar manyan laifuffuka ta 1960, inda ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka. Wanda baƙin ciki ya kai shi ga haka yanzu asibiti za a nufa da shi, maimakon kotu. Haka kuma Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasar, wadda dokar 2012 ta kafa, tana da lambar wayar da ake kira kyauta domin neman agaji.

Wannan abin a yaba ne, ganin cewa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta nuna Afirka ce kan gaba wajen wannan musiba: kimanin mutum 11 cikin kowane 100,000, alhali a duniya baki ɗaya 9 ne. Sai dai abin tambaya a nan shi ne, wa wannan agaji yake isa gare shi?

Manyan asibitocin gwamnati na masu taɓin hankali a Gana uku ne, wato na Ankara, da Pantang, da Ankaful, kuma dukkansu a kudu suke. Mutumin Tamale ko Bawku ko Paga sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya kai ɗaya daga cikinsu. Ga kuma batun harshe. Turanci ne harshen hukuma, Tiwi ne ya fi ƙarfi a kudu, amma Bahaushen zango da Badagombe da Bafillace, in zuciya ta cika, da harshen uwa suke iya amayar da ita. Wanda bashi ya yi wa katutu, ya buga waya cikin dare aka amsa da yaren da ba ya ji, da wuya ya sake bugawa. Fatakenmu da ke shiga da layin wayar Nijar ko Nijeriya kuwa, irin wannan lambar kyauta ba ta cika shiga ba sai da layin ƙasar.

Ba Gana kaɗai ke da wannan matsala ba. Amurka ta buɗe lambar 988 a 2022, amma sai da ta ƙara saƙon waya da Sifaniyanci a 2023, jihar Washintan kuma ta ware wa Indiyawan asali nasu layin, wanda 'yan uwansu ke amsawa.

Mu 'yan kasuwa mun san yadda faɗuwar kuɗin sidi a 2022 da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 suka karya jarin mutane da dama. Don haka muna kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin fatake su nemi hukumar ta sa masu jin Hausa da Dagbani a kan layin nan, ta kuma sanar da lambar a gidajen rediyonmu. Limamai su ma su riƙa tunatar da jama'a cewa haramcin kashe kai bai hana neman magani ba.

Kafin nan, in maƙwabcin rumfarka ya fara cewa ya gaji da duniya, kada ka ɗauka wasa ne. Ka zauna da shi, ka tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, sannan a raka shi asibiti mafi kusa. Allah Ya yaye mana ƙunci, amin.