Rumfa ba kaya ba ta raya kasuwa: batun ƙananan shafukan intanet a Adar

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lahadi a Tawa ya san ba birnin kaɗai ke cika ta ba. Motoci da amalanke ne ke shigowa daga Barmu, da Kalfu, da Tamaske, da Tabalak, wannan da gero, wancan da albasa, wani da bisashe, wani da cuku. Garuruwan karkara suna da kasuwanninsu na mako, kowace da ranarta, kuma abin da ya taru can shi ne ke gangarowa birni. Ƙananan kasuwanni su ke ciyar da babba. Da a ce wata rana za a wayi gari rumfunan ƙauye sun zama fanko, sai kara da tabarma, to kasuwar Tawa ba za ta daɗe ba ita ma za ta mutu.

Wannan misali ya kamata hukumomi da ƴan kasuwa na jahar Tawa su riƙe a zuci, yanzu da wata sabuwar kasuwa ta buɗe, wato intanet. Yau ɗan kasuwar Abijan ko na Kumasi da ke neman inda zai sari albasa, da ɗan Adar da ya tafi biɗa Libiya yana son jin labarin gida, da baƙon da aiki zai kawo Kaita, duk abu guda suke yi. Sukan ɗauki salula, su rubuta suna cikin Google, wanda Hausawa suka laƙaba wa matambayi ba ya ɓata, su duba abin da ya fito. Shafukan da suka zo a sahun gaba su ake buɗewa. Wanda aka tura can baya kuwa, da shi da babu duk ɗaya, domin mutane kaɗan ne ke da haƙurin bin jerin har ƙarshe. Sabo da haka kowane mai shafi yana neman yadda nasa zai hau sama, kuma cikin hanyoyin da aka daɗe ana tallatawa akwai kafa ƙananan shafuka masu yawa a gefe, kowanne yana nuna hanya zuwa babban shafin. Masu wannan sana'a suna sayar da ita ga duk mai iya biya, kuma ƙungiyoyin manoma da ma'aikatun magajin gari ba za su tsira daga tallarsu ba. Ya kyautu a san abin da ake saye tun kuɗi ba su fita ba.

Asalin maganar yana cikin yadda injin bincike ke auna shafuka. Cikin shekara ta 1998 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa kamfanin Google bisa wani lissafi mai sauƙin ganewa. A intanet akwai abin da ake kira mahaɗi, wato kalma ko hoto wanda in an taɓa shi sai ya kai mutum wani shafi na dabam. Lissafin nasu ya ɗauki kowane mahaɗi tamkar shaida: in shafin wane ya nuna shafin wane, to ya shaide shi ke nan. Wanda ya fi yawan shaidu shi ke gaba, kuma shaidar shafi mai daraja ta fi nauyi, kamar yadda maganar dattijon gari ta fi ta baƙon jiya a gaban alƙali. Tun daga lokacin an ƙara ma'aunai da yawa, amma har yau mahaɗi yana cikin abin da ake dubawa.

Da masu wayo suka gane haka, sai suka ce, tun da shaidu ake ƙirgawa, me zai hana mutum ya ƙago shaidunsa da kansa? Sai mutum guda ya buɗe shafi ashirin ko hamsin da sunaye dabam-dabam. Wani lokaci yakan sayi tsofaffin sunayen da masu su suka bari, domin ya gaji darajarsu. Sai ya zuba musu rubutu marar kai marar gindi, galibi kwafi daga wani wuri, yanzu ma har na'ura ke rubuta shi cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ya ɗaure su duka da babban shafinsa. Ba a yi su domin mai karatu ba, injin ake so a ruɗa. Wannan daidai yake da dillalin da ya tara yaransa a kasuwar bisashe su riƙa taya sa guda, alhali ba mai niyyar saye cikinsu, domin baƙo ya ji ciniki ya yi zafi ya ƙara kuɗi.

Ba a musun cewa dabarar takan yi aiki na ɗan lokaci, domin da ba ta yi, da ba mai sayenta. Amma Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma an ga haka ga waɗanda suka fi kowace ƙungiya ta Adar ƙarfi nesa ba kusa ba. Cikin watan Fabrairu na 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga jerinsa, sabo da an same shi da wasu shafuka masu nuna wa injin wani abu, su nuna wa mutum wani abu dabam. Sai da kamfanin ya share su aka maido shi. Cikin Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta tona yadda dubban mahaɗai, daga shafukan da ba ruwansu da tufafi ko kayan ɗaki, suka ɗaga babban kantin J.C. Penney na Amurka zuwa sahun farko. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami kamfanin da ya ba aikin, amma duk da haka aka jefa shi can baya har wajen wata uku. Cikin Afrilu na 2012 Google ya fito da wani ma'auni mai suna Penguin, musamman domin gano mahaɗan ƙarya. Cikin Maris na 2024 kuma ya ƙara doka a kan masu sayen tsofaffin sunaye su cika su da shara, da masu zuba rubutu barkatai domin hawa jeri kawai, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura.

Manyan kamfanonin nan suna da masana da dukiyar da za su gyara ɓarna. Ƙungiyar manoman albasa ta wani ƙauye cikin kwarin Tamaske ba ta da ko ɗaya. Kuɗin da za ta ba mai dabara kuɗin taki ne da iri da man injin ban ruwa, waɗanda aka tara dala-dala daga hannun talakawa. Kowane sunan shafi ana biyan kuɗinsa shekara-shekara, ban da kuɗin wurin ajiya. Wanda ya kafa shafi talatin ya ɗaura wa kansa haraji talatin ke nan. Ranar da aka daina biya sai su rufe, ko kuwa wani ya saye sunan ya sa abin da ya ga dama, har caca ko abin kunya, alhali sunan garin yana manne a kai. In kuma injin ya gano haɗin bakin, babban shafin na gaskiya shi ke shan hukunci, mai dabara kuwa ya riga ya karɓi ladarsa ya yi gaba.

Abin da ya fi kuɗin tsada shi ne suna. Cikin 2023 hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar sunaye da fasaha, wadda cibiyarta ke Yawunde, ta miƙa wa Nijar takardar shaida a kan albasar Galmi, irin da ake nomawa har cikin kwaruruwan Adar, tare da takardar kilishin Nijar. Manufar irin wannan takarda ita ce mai saye a nesa ya amince cewa abin da ke cikin buhu shi ne abin da aka rubuta a bayansa. Bai dace ba a ce ƙasa ta sha wahala ta kare suna a takarda, sa'an nan ƴaƴanta su ɓata shi a intanet da shaidun zur.

Sai dai masu neman dabara suna da kukan da ya kamata a saurara, domin gaskiya ne Adar ba ta fitowa yadda ya dace da ita. Dalilan hakan kuwa a fili suke. Akwai rikicin suna. Birnin da Bahaushe ke rubutawa Tawa, takardun hukuma Tahoua suke rubuta shi, kuma kalmar tawa kowa ya san ma'anarta ta yau da kullum a Hausa, a Indiya ma sunan wani kaskon gasa gurasa ne. Kaita, wadda ake rubutawa Keita, ta haɗa suna da wata babbar zuri'a ta Mali da Gine, mai shugabannin ƙasa da mawaƙa da ƴan ƙwallo, waɗanda aka yi rubutu a kansu fiye da garin ƙwarai da gaske. Illela ma biyu ce, ta Adar da ta jahar Sakkwato daura da Ƙonni. Bayan wannan, cinikin yankin da labarinsa galibi da baki ake yin su, ta saƙon murya a WhatsApp, kuma abin da aka faɗa can injin bincike ba ya ganinsa. Abin da aka rubuta kuwa, sau da yawa da Faransanci ko Ingilishi ne, cikin rahotannin ƙungiyoyin waje masu ba da labarin fari da ƙarancin cimaka. Farashin buhu, da lokacin girbi, da hanyar da kamyo zai bi, ba kasafai mutanen wurin ke rubuta su da kansu ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ko shafi dubu aka kafa ba zai fito ba.

A nan ne ƙananan shafuka ke da amfani na halas, in sun kasance kamar kasuwannin ƙauye, kowanne da kayansa da mai shi. Tabalak tana da tabki da masunta da lambuna, kuma shafin da mutanen wurin suka riƙe, suna faɗin lokacin da kifi ke samuwa da abin da lambu ya bayar, ba kwafin kowa ba ne. Tamaske tana da albasa da fatake, Abalak tana da bisashe da cuku, birnin Tawa yana da dukawa da maƙera. Ya kamata kowane shafi ya faɗi abin da masu shi suka sani, ya nuna ma'aikatar da ke kula da shi da ranar da aka sabunta shi, ya rubuta sunan garin ta fuska biyu, ta Hausa da ta hukuma, haɗe da sunan jaha da na ƙasa. In irin wannan shafi ya nuna hanya zuwa shafin jaha ko na babbar ƙungiya domin mai karatu ya ƙaru, shaida ce ta gaskiya. Ma'aunin mai sauƙi ne, kowane magajin gari yana iya amfani da shi: in aka cire mahaɗin, shafin yana da sauran amfani ga mutum? In yana da shi, a kafa. In babu, rumfa ce ba kaya. Garin da ba shi da mai kula, gara a ba shi ɗaki cikin babban shafin da a gina masa gida ya zama kango.

Mutanen Adar ba baƙi ba ne ga aikin da ake tarawa kaɗan-kaɗan. Cikin 1984, shekarar babban fari, aka soma aikin raya karkara na Kaita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Jama'a, galibinsu mata, suka ɗauki dutse a ka suka jera a kan fako, suka haƙa ramuka, suka datse koramu, suka dasa itatuwa. Kowane jerin dutse ƙarami ne, amma kowanne yana tare ruwa na gaske, kuma taruwarsu ce ta maido da matacciyar ƙasa cikin noma. Da a takarda aka zana madatsa aka ce ga ta nan, da ruwa ya wuce abinsa.

Sabo da haka wajibi ne hukumomin jaha da magadan gari su sa ido. Nijar tana da alamarta a intanet, wato .ne, kuma duk sunan da za a ɗauka ya kamata a rubuta shi da sunan ma'aikata, ba da sunan yaron da ya gina shafin ba, mabuɗinsa kuma ya zauna a ofis, domin in ma'aikaci ya canza wurin aiki kada shafi ya bi shi. Duk wanda za a ba kwangila a tambaye shi a rubuce ta wace hanya zai kawo masu karatu. Wanda ya yi alkawarin sahun farko cikin mako guda a sallame shi da girma da arziki, domin Google da kansa ya ce ba mai iya ba da wannan tabbaci. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa cikin 2010, tana da ɗalibai da ke iya taimaka wa ƙananan hukumomi a lokacin horonsu. Babban rabo kuwa na waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ne. A da su ne ke rubuta labarin ƙauyukansu cikin jaridun karkara da harshen gida, kuma yau ma su suka fi kowa sanin abin da ke gona da abin da ke rumbu. Magatakardan ƙungiya da ke rubuta layi biyar kowace ranar kasuwa, da Hausa mai kyau, ya fi shafi hamsin na ƙarya amfani ga garinsa.

Hanyar nan tana da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa. Ɗan kasuwar Abijan da ya bi mahaɗi ya tarar da farashi na gaskiya, da ranar jiya a kai, da lambar wayar da in an kira ake ɗauka, zai dawo baɗi, har ya zo da abokinsa. Wanda ya bi ya tarar da fanko kuwa ba zai sake biyowa ba, kuma in ya zauna da ƴan uwansa fatake, sunan Adar zai ambata, ba sunan mai dabara ba.