A Buɗe Mana Allon Alƙaluman Lafiya Har Zuwa Unguwa

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, amma duk lokacin da hukuma ta tashi faɗa wa jama'a halin da ake ciki game da wata cuta ko allurar rigakafi, lamba ɗaya take miƙo mana: mutum kaza sun kamu a Kano, kashi kaza cikin ɗari na yara an yi musu allura. In an yi ƙoƙari sosai a raba lambar gida 44, shi ke nan. Wannan lamba tana yi wa kwamishina amfani wajen tsara kasafi, amma mai unguwa a Yakasai ko limami a Mandawari babu abin da zai yi da ita. Ra'ayina shi ne allon alƙaluman lafiya da jami'ai suke dubawa a kwamfuta ya kamata a fito da shi fili, a sa masa maɓallan tacewa waɗanda kowa zai iya latsawa a wayarsa: ya zaɓi ƙaramar hukuma, ya gangaro mazaɓa, ya gangaro unguwa, ya zaɓi wata da shekarun yara, har ya ga abin da ya shafi lungunsu. Cikin birni ya fi ko'ina buƙatar wannan, kuma dalilin yana nan a taswira.

Iyakokin ƙananan hukumomi ba su bi badala ba. Tsohon birni a rabe yake tsakanin Birni da Kewaye, Dala da Gwale, kuma an cuɗa unguwannin ciki da na waje a lissafi guda. Birni da Kewaye ta ɗauki Shahuci da Yakasai da Jakara, ta kuma ɗauki Sharaɗa da Gandun Albasa. Gwale ta haɗa Mandawari da Diso da Ɗorayi. Wanda ya san garin ya san rayuwar waɗannan wurare ba ɗaya ba ce. A cikin birni akwai lungun da mota ba ta shiga, akwai gidan da za ka yi sallama a zaure ɗaya amma magidanta da yawa ne a ciki, kowa da matansa da 'ya'yansa, ga kwata a buɗe tana bin gindin katanga, ga rijiya da masai kusa da juna saboda ƙarancin fili. Cutar da ke bin numfashi ko ruwan sha ba ta tafiya a irin wannan wuri yadda take tafiya a unguwar da aka yanka filoti. Idan aka haɗa su aka fitar da matsakaici, mai rauni yakan ɓuya a bayan mai ƙarfi. A ɗauka, don misali kawai, ƙaramar hukuma tana da mazaɓu goma masu yawan yara daidai, tara an yi wa kashi 80 allura, ɗaya kuma kashi 20. Allo zai nuna kashi 74, a tafa a ce aiki ya yi kyau, alhali a wannan mazaɓa ɗaya yara huɗu cikin biyar ba su da kariya, kuma daga can annoba za ta tashi.

Kano ta riga ta gwada abin da nake kira gare shi, ta kuma ga amfaninsa. A shekarar 2012 yara 122 cutar shan inna ta kama a Najeriya, kuma ana lissafa Kano cikin wuraren da suka gagara tun bayan dakatar da allurar da aka yi daga 2003 zuwa 2004. Abubuwa da dama ne suka sauya lamarin, ciki har da shigowar sarakuna da malamai da yarjejeniyar da gwamnatin jiha ta ƙulla da gidauniyar Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates. Amma akwai wani aiki da ba a cika ambata ba. An daina dogaro da taswirar da ake zanawa da hannu, aka koma hotunan tauraron ɗan adam, aka gano ƙauyuka da rugage da ba sa cikin takardar kowa. An ba ayarin masu allura wayoyi masu nuna inda suka taka, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin masu tafiyar da wannan fasaha, kuma a cibiyar ayyukan gaggawa ta shan inna ana buɗe allo a tace shi daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa, zuwa matsuguni guda. Wurin da ayari bai shiga ba sai ya fito fili, a mayar da su. Adadin yaran da cutar ta kama a Najeriya ya sauko zuwa 53 a 2013, ya koma 6 a 2014, kuma yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Kano a Sumaila yake, a watan Yulin 2014. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Allo bai ɗiga wa yaro ko ɗaya magani a baki ba, amma shi ya nuna ƙofar da aka tsallake.

Abin takaici, wannan darasi bai bi mu zuwa sauran cututtuka yadda ya kamata ba. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ta ɗauki kaso mafi tsoka na waɗanda suka kamu a duk ƙasar, kuma yawancinsu yara ne da ba a yi wa allura ba ko ba a kammala musu ba. Rigakafin mashaƙo yana cikin allurar nan mai haɗe da kariya biyar da ake yi wa jariri sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, yara nawa aka kawo ta farko amma ba a dawo da su ta uku ba, kuma a ina suke? Amsar tana nan. Kowane asibitin sha-ka-tafi yana cike fom a ƙarshen wata, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar da shi cikin manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe kuma Najeriya take tara alƙaluman lafiyarta a ciki. Manhajar tana iya tacewa daga jiha har zuwa asibiti guda. Sai dai mai lambar sirri ne kawai yake shiga. Da a buɗe take, shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa a Dala zai latsa Kano, ya latsa Dala, ya latsa Ƙofar Mazugal, ya zaɓi watanni uku da suka wuce, ya ajiye allura ta farko gefe da ta uku ya ga tazarar. Da wannan zai je wurin mai unguwa da limami da ungozoma, a yi shela bayan sallar Juma'a, a tuna wa iyaye a wurin suna.

Masu adawa za su ce talaka ba zai iya da irin wannan ba, aikin masu digiri ne. Zaɓen 2023 ya amsa musu. Shafin IReV na duba sakamakon zaɓe na hukumar INEC tacewa ce zalla: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, akwati. Matasa a majalisun birni sun yi ta gangarawa mataki-mataki suna neman takardar sakamakon akwatinsu, suna gwada ta da hoton da wakilinsu ya ɗauka. Ba wanda ya shirya musu bita. Wanda ya iya nemo akwatinsa cikin rumfunan zaɓe sama da 176,000 ba zai kasa nemo asibitin unguwarsu ba. Shafin ya kuma koyar da wani darasi mai ɗaci, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu mutane sun yi ta latsawa suna tarar da wayam, ba a ɗora sakamako a kan lokaci ba. Maɓalli ba ya haifar da bayanin da ba a shigar ba.

Wannan ya kawo mu ga hujjar da ta fi nauyi, wato alƙaluman kansu ba su da inganci, kuma tace su ƙanana-ƙanana ƙara fito da kuskure ne. Akwai gaskiya a nan. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta, don haka yawan yaran da ake rabawa da shi hasashe ne, shi ya sa wani wuri yake nuna an yi wa sama da kashi ɗari allura. Sannan ana lissafin yaro ne a inda aka yi masa allura, ba inda yake kwana ba. Uwa ta taso daga wajen gari ta kawo ɗanta asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Murtala, sai lambar ta faɗa a kan cikin birni, ta rufe yaran lungun da ke bayan asibitin waɗanda ba a taɓa kawowa ba. Amma maganin wannan shi ne a ƙara maɓalli guda da zai raba inda aka yi allura da inda yaro yake zaune, a kuma rubuta a saman allo ranar da aka sabunta shi da yawan asibitocin da suka aiko da rahoto. Ɓoye lamba mai kuskure ba ya gyara ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai unguwar da ake sanar da shi haihuwa da rasuwa zai gane lambar ƙarya da kallo ɗaya. A tuna watan Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka riga allon hukuma gane cewa mutuwa ta yi yawa a Kano. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce bincike ya gano mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 na iya zama da nasaba da korona.

Saura batun sirri da tsangwama, kuma ba na wasa ba ne. A watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan allurar shan inna tara a Kano. Bayanin da zai nuna gidan wane ko hanyar da ma'aikaci zai bi gobe ba na jama'a ba ne, kuma dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan lafiyar mutane nauyin tsare su. Saboda haka allon jama'a ya tsaya a unguwa, kada ya kai gida, kuma inda masu cuta suka yi kaɗan har za a iya gane su, a haɗe lambar da ta maƙwabta. Game da kunyata unguwa kuwa, na fi jin tsoron unguwar da za ta binne 'ya'yanta ba tare da an taɓa faɗa mata tana baya ba.

Ba a buƙatar abu mai ƙyale-ƙyale. Maɓalli huɗu ko biyar sun isa: wuri, wata, shekaru, jinsi, irin cuta ko allura. A rubuta su da Hausa, a sa sunayen unguwanni yadda mutane suke kiran su, domin da yawa sun san unguwarsu amma ba su riƙe sunan mazaɓarsu ba. A yi shi mara nauyi yadda ƙaramar waya da ɗan data za su buɗe shi, kuma a bar hanyar tura hoton sakamakon ta WhatsApp. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko su fara da ƙananan hukumomin nan uku na cikin birni, su fara da allurar jarirai, su kuma sa masarauta a ciki tun daga tushe, daga hakimi zuwa mai unguwa. 'Yan majalisar jiha masu wakiltar Birni da Kewaye, Dala da Gwale su tambayi kwamishina a zauren majalisa ranar da za a buɗe shi.