Farautar da Ba a Zubar da Jini

Ya kai mai karatu, idan aka ambaci wasan bidiyo, mai yiwuwa abin da zai fara zo maka a rai shi ne harbe-harbe, ko tseren motoci, ko ƙwallon ƙafa, inda dole sai wani ya kayar da wani. Akwai kuwa wani irin wasa da bai yi kama da waɗannan ba. A cikinsa kai da abokanka za ku shiga daji ɗaya, kowa ta wayarsa ko kwamfutarsa, ba ku riƙe da komai sai kyamara da littafin sunayen tsuntsaye. Aikinku shi ne ku nemo tsuntsu, ku ɗauki hotonsa, ku cika littafin tare. A ganina irin wannan wasa ya cancanci lokacinka, amma bisa sharaɗi ɗaya da zan zo kansa nan gaba.

Dalilina na farko shi ne haƙuri. A yawancin wasanni mai saurin hannu ke cin nasara. A nan kuwa gaggawa asara ce, domin da zarar ka ruga wajen tsuntsu, sai ya tashi ya bar ka da hoton reshe. Tilas ka yi sanɗa, ka kasa kunne ga kukansa, ka jira ya juyo. Ɗalibin da ya saba da haka ya koyi natsuwa, ita ce kuma ake bukata wajen karatu da amsa tambayoyin jarrabawa.

Dalili na biyu shi ne zumunci. Ka sha ganin yadda wasan gasa ke ƙarewa da gardama tsakanin abokai, har wani ya yi kwana biyu ba ya gaida wani. A wasan haɗin kai nasara ta kowa ce. Wani ya hango tsuntsu a bakin tafki, ya kira sauran a hankali. Wani ya gane sunansa. Wani ya samu hoto mai kyau. Wanda bai ƙware ba ma yana da amfani, domin idonsa na iya ganin abin da ya kuɓuce wa gwani. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dalili na uku shi ne ilimi. A shekarar 2020 wani kamfani na birnin Landan, ustwo games, ya fitar da wasa mai suna Alba: A Wildlife Adventure. Labarin wata yarinya ne da ta je hutu wajen kakanninta a wani tsibiri cikin tekun Bahar Rum, tana ɗaukar hotunan tsuntsaye da sauran dabbobi da waya, tana kuma ƙoƙarin ceto mazauninsu daga masu son gina otal a wurin. Mutum ɗaya ke yin wannan wasa, amma darasinsa ɗaya ne da na wasannin da ake yi tare da abokai: ka dubi baki, da launi, da wutsiya, da wurin zama, kafin ka ce ka san tsuntsu.

Na san iyaye da malamai za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, ga cin kuɗin data, ga ƙarar da cajin waya, kuma tsuntsun cikin allo ba tsuntsu ba ne. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Wasa mai daɗi yakan cinye sa'o'i ba ka sani ba, kuma wanda ya bar aikin gida ko aiken mahaifiyarsa saboda hoton tsuntsu bai kyauta ba. Maganin wannan shi ne ƙayyade lokaci: a gama aiki tukuna, sannan a yi wasa.

Ga sharaɗin da na yi alkawari. Idan kun rufe wasan, ku fita waje ku ɗaga kai. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900. Ba sai ka yi nisa ba za ka ga balbela tana bin shanu, da kurciya a kan waya, da hankaka mai farin ƙirji, da shirwa tana shawagi. A ƙasar Hausa manomi yana ganin shamuwa ya san damina ta kusa. A dausayin Haɗejiya da Nguru dubban tsuntsaye ke sauka kowace shekara bayan sun ƙetaro hamada daga Turai. Sai dai wasu suna ɓacewa a kan idonmu. Tambayi kakanka yadda ungulu ke cika mayanka a da, sannan ka duba yau. Tun shekarar 2015 aka sanya irin wannan ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma, mai tukku kamar kambun sarauta, ganinta ya yi wuya ƙwarai a ƙasar nan.

Abin da ka gani da idonka yana da amfani ga masana. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, kuma masu sa kai daga sassan ƙasar nan suna taimakawa wajen tattara bayanan inda kowane tsuntsu yake. Manhajar eBird, wadda aka fara a Amurka a 2002, tana karɓar irin wannan rahoto daga kowa.

Saboda haka, ranar Asabar mai zuwa, kira abokan da kuka yi wasan tare. Ku ajiye danƙon harbi a gida, ku ɗauki biro da takarda, ku zauna shiru a ƙarƙashin wata bishiya na rabin sa'a. Ku rubuta sunan duk tsuntsun da kuka gani da Hausa da kuma harshenku na gida. Wanda ba ku san sunansa ba, ku tambayi dattawa tun suna nan.