Kenya: Dokar raba mashaya da makaranta ta tsaya a takarda

Tun a 2010 dokar Kenya ta haramta bai wa mashaya lasisi matuƙar tazararta da makarantar yara ba ta kai mita 300 ba. Amma a watan Maris na 2024, bayan gurɓatacciyar barasa ta hallaka mutane a Kirinyaga, sai da Ministan Cikin Gida na lokacin, Kithure Kindiki, ya sake umartar a rufe mashayun da ke maƙwabtaka da makarantu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, gwamnatocin gundumomi ke bayar da lasisin, su ne kuma ke karɓar kuɗinsa. Gundumar da ta dogara da wannan kuɗi da wuya ta tura jami'i ya auna tazarar, alhali 'yan firamare na ratsa ƙofar mashaya safe da yamma.