Gida Bai Ƙoshi Ba, A Kai Wa Dawa?

A unguwar Kakuri, kudu da kogin Kaduna, akwai masana'antar ƙera makamai ta DICON, wadda aka kafa a 1964 domin sojan Nijeriya ya riƙi bindigar da aka ƙera a gida. Fiye da shekara 60 ke nan, amma har yau yawancin manyan makaman ƙasar daga ƙetare ake sayo su. Dole a tambaya: ina dukiyar tsaro ta tafi?

Kaso mai tsoka ya tafi waje. A watan Agusta na 1990 Nijeriya ta jagoranci rundunar ECOMOG zuwa Laberiya, daga bisani ta tsallaka Saliyo. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya bayyana cewa hidimar ta lashe kimanin dala biliyan 8, ban da ɗaruruwan sojojin da suka kwanta dama, ya kuma fara janye dakaru daga Saliyo. Haka nan a 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta dawo da wasu daga Mali domin fuskantar Boko Haram.

Waɗannan matakai sun dace. Mazaunan Gonin Gora da Sabon Tasha ba su manta da sace ɗaliban Jami'ar Greenfield a 2021 ba, balle harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na watan Maris 2022. Sojan da ke gadin fadar wata ƙasa ba zai tsare hanyar Abuja ba.

Sai dai masu adawa da janyewa suna da hujja, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Lokacin da ECOMOG ta kammala ficewa daga Saliyo a watan Mayu na 2000, 'yan tawayen RUF sun yi garkuwa da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Wannan ya nuna illar janyewa cikin gaggawa, bai nuna cewa zaman dindindin ne mafita ba.

Saboda haka, kada a tura soja waje sai an yanke wa aikin wa'adi, an kuma san wanda zai raba ɗawainiya da Nijeriya. Abin da aka tsimina kuwa a zuba shi a Kakuri da barikokin gida.